Sawu a Kan Noti

An ce wa direban farar bas ya dawo da azahar, amma sai ya samu shata da sassafe, don haka tun ana sharar gareji ya iso da makulli a hannu. Ya murza, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake murzawa, haka dai. Da ya ɗaga murfin inji sai ya ga rami a inda famfon dizal yake zama, ga bututai suna reto babu abin da suka riƙe. Famfon nan shi ke raba wa inji mai. In babu shi, mota ta zama ɗaki mai tayoyi.

Ihun da direba ya yi shi ya tara garejin. Masu walda suka ajiye wuta, masu faci suka bar taya a ruwa, mai wayarin ya fito da filaya a hannu. Kowa ya leƙa, kowa ya yi salati, sannan idanu suka juya wuri guda: ɗan ɗakin kwano da ke bakin ƙofa, inda Maigadi yake kwana. Wani ya shiga ya fito da galan mai warin dizal. Kafin Maigadi ya buɗe baki an mare shi, an sake marinsa, aka ɗaure hannuwansa da tsohon bel a jikin dirkar rumfa. Dattijo ne siriri, mai tabarma ɗaya da tocila ɗaya.

Ciyaman ɗin gareji, wani ƙaton mai walda, shi ya shiga tsakani.

"Ya isa! Kada wanda ya ƙara taɓa shi. In 'yan sanda suka shigo yanzu, dukanmu za su kwasa, su garƙame ƙofa. A kira Mai Sawu. In la'asar ta yi famfo bai fito ba, ni da hannuna zan miƙa Maigadi."

* * *

Mai Sawu ya koyi sana'arsa ne a bayan awaki da shanun da ɓarayi suka kora. Da gari ya cinye makiyaya sai ya koma bin sawun janareto da keken ɗinki. Mutum ne marar gaggawa, yana tafiya kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Yana shigowa bai nufi motar ba, sai da ya fara zuwa rumfar wansa.

Wan nasa shi ne Baba Dizal, bakaniken da ya fi kowa daɗewa a garejin. Shi ya riƙe Mai Sawu tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Kuma a hannunsa direba ya bar bas ɗin jiya da yamma, don ya ɗaure wani bututu da ke yoyo. Yana zaune a kan benci kusa da akwatin ƙarfensa, mutane suna ta zuwa yi masa jaje.

"Yaya, ashe abin da ya faru ke nan."

"Ka gani dai, Auta," in ji Baba Dizal, bai ɗago ba. Mai Sawu ya yi furfura har a gemu, amma a bakin wansa har yanzu Auta ne.

Mai Sawu ya koma wurin mota ya dubi ƙasa, ya girgiza kai.

"Ciyaman, ai kun yi rawa a kan sawun."

Duk da haka ya tsuguna. Ƙasar gareji ta sha baƙin mai har ta yi tauri, ba ta riƙe tafin ƙafa sosai, amma tana riƙe ɗigo. Ya samu layi biyu na ɗigon dizal. Na farko ya bi shi har ɗakin Maigadi, jama'a na biye da shi suna cewa ai ga shi nan. Ya sa yatsa ya shafa.

"Wannan ya kwana biyu. Dubi yadda ƙura ta rufe shi. Ragowar wankin inji ne da kuke ba shi yana hura wuta, ko ba haka ba?"

Mai wayarin ya ce shi ma ya taɓa ba shi.

Layi na biyu sabo ne, yana sheƙi. Ya tafi har kusa da ƙofa ya tsaya cak a inda aka jingine babur. Rabin mutanen garejin babur suke hawa, tayoyinsu kuma iri ɗaya. Nan sawun ƙasa ya ƙare.

Mai Sawu ya dawo ya sa kai cikin injin, ya daɗe. Abu biyu ya gani da ba wanda ya kula da su. An toshe bakin kowane bututu da ɗan tsumma mai tsabta, don kada ƙura ta shiga. Sannan an jera notunan da aka kwance a cikin gwangwanin madara, an ajiye a gefe inda ba za su zube ba. Ɓarawon da zai tafi ba zai dawo ba, ina ruwansa da ƙura? Bai faɗi wannan ga kowa ba. Ya juye notunan a tafin hannunsa. Gefunansu duk sun cinye, sun yi mulmul kamar an tauna.

Ciyaman ya leƙo ya gani, ya tafa hannu.

"Sifanar banza ce ta yi wannan! To Baba Dizal dai kayansa ba su taɓa cin noti ba, tun na mahaifinku ne. Mutum ɗaya ke aiki da irin waɗannan a garejin nan."

Baki ya haɗu wuri guda: "Cingam!"

"Ku bari tukuna," in ji Mai Sawu. "Ɗaure mutum ɗaya ya ishe mu da safiyar nan."

* * *

Ya kori jama'a ya tsuguna gaban Maigadi. Kuncin dattijon ya kumbura. Mai Sawu ya ba shi ruwa a baki da hannunsa.

"Malam, ka yi barci jiya?"

"Ban yi ba."

"Ka bar ƙofa?"

"Ban bari ba."

"To wa ya shigo?"

Maigadi ya dubi ƙasa. "Ba baƙon da ya shigo."

"Ban ce baƙo ba. Na ce wa."

"Abin da zan ce ke nan. Ba baƙon da ya shigo."

"Ka san da la'asar za a miƙa ka?"

"Na ji Ciyaman ya faɗa."

Mai Sawu ya ɗan jira, don ya san wani lokaci shiru ya fi tambaya jawo magana. Amma Maigadi ya rufe ido ya jingina kai da dirka, kamar wanda shi ma jira yake yi.

* * *

Cingam matashi ne mai fara'a, sabon aure, rumfarsa ce ta ƙarshe. An sa masa sunan ne saboda sifanoninsa, waɗanda ake cewa suna lanƙwashewa kamar cingam. Ya rataye su a jikin allo a fili, suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Yau dai fara'ar ta gudu.

"Baba Mai Sawu, wallahi ko kusa da motar nan ban je ba. Don kayana masu araha ne shi ke nan na zama ɓarawo?"

"Zauna. Ba zargi na zo yi ba, karatu na zo ɗauka. Sifanarka tana cin noti?"

"Tana ci mana, in an matsa mata. Amma ni na san halinta. In noti ya yi taurin kai ba na taka ta da ƙafa, ba na zura mata bututu don ƙarin tsawo. In zuba masa mai, in je in sha shayi, in dawo. In ta fara buɗe baki in ajiye ta ga ƙananan ayyuka, in sayi wata. Wannan mai lamba sha-huɗun ta haura shekara tana ci da ni. Ita ba ta ce ta kai ta Baba Dizal ba, ni ma ban ce ba."

"In aikin ya fi ƙarfinta fa?"

"Da sai in je in ari ta Baba. Amma tun wajen damina ya daina ba da aro. Ko akwatin ba ya buɗewa in mutum na tsaye. Na ce ko na yi masa laifi ne."

Mai Sawu ya ji maganar ta wuce ta gefen kunnensa, ya bar ta ta wuce.

"Nuna mini notin da sifanarka ta ci."

Cingam ya tono ɗaya daga cikin tarkace. Mai Sawu ya fita da shi rana. A gefen da ya cinye akwai ɗan ɓarɓashi fari yana walƙiya, fatar ƙyallin da ke ɓarewa daga bakin sifana. Ya fito da notunan bas ya goga su a farin hannun rigarsa. Babu walƙiya ko ɗaya. Abin da suka bari baƙin ɓawo ne mai ɗan shuɗi, irin wanda ƙarfe yake yi in ya sha wuta.

Ya tsaya yana kallon hannun rigar. Sifana mai taushin baki irin na masu araha, amma ba ta ƙyalli.

* * *

A wajen ƙofa akwai mai tallar kayan aiki a baro, yana zaune a inuwar katanga yana korar ƙuda daga kan sukudirebobi.

"Su wa ke sayen kayanka a cikin garejin nan?"

Mai Baro ya yi dariya. "Da rana? Cingam kaɗai. Sauran in sun wuce har tsaki suke yi. Amma in na tura baro na sha kwana, sai ka ji ana 'psst, psst' a bayana. Wannan ya karɓa ya cusa a aljihu, wancan ya ce in naɗe masa a jarida. Ni kam ban taɓa ganin abin da ake zagi da baki ana saye da hannu irin kayana ba."

"A cikinsu akwai wanda ƙyallin ya dame shi?"

Dariyar ta ragu. "Baba, ni mai sayarwa ne."

"Na sani. Dubi can." Mai Sawu ya nuna masa ta ƙofa, inda Maigadi yake ɗaure, rana ta fara cin ƙafafunsa.

Mai Baro ya daɗe yana gyara jerin filaya da ba ta buƙatar gyara.

"Akwai wanda ya biyo ni har layinmu ya sayi saiti guda cif. Ya tambaye ni yadda ake kashe ƙyallin. Na ce ni dai na san wuta tana cinye shi. Da wasa na faɗa, Baba. Suna kuwa ba zan kama ba. Mutumin ya girme ni."

Mai Sawu bai matsa ba. Wanda ya hura wuta ya bar toka, toka kuma aikinsa ce. Ya shiga ya bi ta bayan rumfuna, ɗan lungun da ke tsakaninsu da katanga, inda ake zubar da tsofaffin tayoyi kuma ba mai bi. Ya wuce bayan rumfar mai faci, ya wuce ta mai wayarin. A bayan ta uku ya ga duwatsu a jere da tsohuwar toka da ruwan sama ya daddaɓe. Kusa da su ga gwangwani da baƙin mai ya daskare a ciki. Ya tona tokar da tsinke. Ɓawon ƙyalli ya fito a nannaɗe, kamar ɓawon albasa.

A nan ƙasa ba ta sha mai ba, kuma ranar da aka hura wutar tana da laima. Sawu ya zauna a cikinta ya bushe: ƙafar hagu ta ɗan buɗe waje, diddige ya nutse fiye da yatsu. Mai Sawu bai buƙaci aunawa ba. Sawun da ya fara sani ke nan a duniya. A bayansa ya koyi zuwa kasuwa, a bayansa ya bi gawar mahaifinsu.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, kamar shi aka kama. Ya tuna yadda ya shigo da safe ya yi wa wansa jaje. Ya tuna tsummokaran da aka toshe bututai da su. Shi kansa ya sha ganin hannun da ke yin haka. Ya so a ce idonsa ya mutu tun bara. Ba wanda ya gan shi ya shigo lungun, kuma tafin ƙafa ɗaya ya isa ya share wurin. Har ya ɗaga ƙafar. Sai ya ji tarin Maigadi daga can bakin ƙofa, ya mayar da ita inda take.

* * *

Ya zagayo ya zauna a gefen bencin wansa. Ba su dubi juna ba.

"Yaya, kwana biyu ban ga babban yaronka ba."

"Yana can wurin neman aiki."

"Yana kira?"

"Yana kira."

Wani ya buga guduma a rumfar walda, ya daina.

"Yaya, inuwa ta fara juyawa."

"Na gani."

"Mutumin nan tun safe yake ɗaure. Yana da 'ya'ya mata a gida."

Baba Dizal ya ɗauki butar ruwa ya miƙa masa. Mai Sawu ya karɓa ya riƙe, bai sha ba. Yaya mutum zai dubi wanda ya goya shi ya ce kai ne?

"Zan ce wa Ciyaman ya tara kowa," ya ce a hankali. "Zan ce kowa ya zo da sifanarsa mai lamba sha-bakwai. Na ce bari in fara gaya maka, ko kana da abin da za ka yi kafin nan."

Baba Dizal ya dubi akwatin ƙarfensa.

"Aikinka ne, Auta."

* * *

Aka taru a gaban farar bas. Direba yana tsaye ya harɗe hannu, shatarsa ta riga ta tafi ga wani. Aka kwanto Maigadi daga dirka aka kawo shi, hannuwansa dai a ɗaure. Mai Sawu ya ari magagari a wurin Ciyaman.

"Notunan nan sha-bakwai ce ta kwance su," ya ce. "Zan goga bakin ta kowa. Ƙarfe mai kyau, magagari zamewa yake yi a kansa. Mai araha yana ɗan kamawa. Wanda nake nema kuwa zai ci kamar sabulu, don an sa shi a wuta. Wuta tana kashe ƙyalli, amma tana tafiya da ɗan taurin da ke cikin ƙarfen."

Ciyaman ya fara miƙa tasa. Magagari ya zame da ƙara. Cingam ya miƙa, ya ɗan kama, farin ɓarɓashi ya zubo.

"Ba ita ba ce."

Cingam ya sauke numfashi har da dafa ƙirji. Mai wayarin ya miƙo tasa a naɗe da baƙin salatif tun daga kai har gindi. Da magagari ya yaga salatif ɗin sai ga ƙyalli ya leƙo.

"A'a!" in ji Cingam. "Oga, ashe 'yar gidanmu ce ka sa wa riga? Kai da ka ce ko kyauta aka ba ka sai dai ka tokare ƙofa da ita?"

Aka fashe da dariya. Mai faci da ya fi kowa dariya, da aka zo kansa sai ya ce tasa ta ɓata tun jiya. Aka ƙara wata dariyar. Mai Sawu kaɗai bai yi ba, don layi yana ƙarewa.

Baba Dizal ne na ƙarshe. Ciyaman ya ce, "Haba, Baba kuma ai ba sai an..."

"Kowa na ce," in ji Mai Sawu.

Ya tsaya gaban wansa ya miƙa hannu, idonsa a kan takalmansa. Baba Dizal yana riƙe da sifanar, baƙa wuluk, kamar wadda ta shekara arba'in tana aiki. Hannun ƙanen yana miƙe, na wan bai motsa ba. Dariya ta mutu a bakin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Sauke hannunka, Auta. Ba sai ka goga ba."

Ya ajiye sifanar a ƙasa da kansa.

"Ni na cire famfon."

Ya ci gaba, yana magana da ƙasa.

"Kayan mahaifinmu ba sa nan. Yarona ya kwashe su ya sayar ya gudu, tun damina. Na kasa faɗa. Ni da nake cewa yaran wasu ba su da tarbiyya. Na sayi na baro, na ga in na fito da su suna ƙyalli za a tambaye ni ina na da. Sai na ƙona su na tsoma a baƙin mai. Tun daga nan nake lallaɓa aiki. Jiya ina ɗaure bututun nan, sifana ta buɗe baki ta kuɓuce, ƙarfin ya tafi a karkace, haƙoran kan famfo suka lalace. Da asuba na zo na cire shi na kai wa mai gyaran famfo a can ƙarshen gari. Ya ce kafin azahar ya gama. Na ce in mayar kafin direba ya zo, ba wanda ya sani."

"To da ka dawo fa?" in ji Ciyaman. Ba da faɗa ya yi tambayar ba.

"Da na dawo na tarar an taru. Na ce bari hayaniya ta lafa in yi magana. Da ta lafa sai na ga an riga an mare shi, maganar ta ƙara nauyi. Kowane jaje aka yi mini sai ta ƙara nauyi."

Ciyaman da kansa ya kwance bel ɗin. Bel ɗin ya bar shaida a wuyan hannun Maigadi. Wanda ya yi marin farko ya sulale bayan mutane. Mai wayarin ya cusa sifanarsa a aljihu, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baba Dizal ya cire hularsa ya durƙusa a gaban Maigadi, a kan ƙasar baƙin mai. Mai Sawu ya juya fuska. Bai taɓa ganin tsakiyar kan wansa daga sama ba.

"Malam, ka yafe mini."

Maigadi yana murza wuyan hannunsa.

"Da ka fita da buhu a bayan babur, ka ce mini yanzu za ka dawo. Da ka dawo, na gan ka a bakin ƙofa lokacin da ake marina. Na ce to, ga shi nan ya iso, yanzu zai yi magana."

"Kai me ya hana ka faɗa?" in ji Ciyaman. "Tun safe muna tambayarka!"

"Shi ya kawo ni aikin nan. Kuma da na ce Baba Dizal ne, wa zai yarda a cikinku? Da kun ƙara mini wani marin." Ya dubi wanda ke durƙushe. "Tashi, Baba. Na yafe. Tashi, ƙasar da datti."

Ya wuce ɗan ɗakinsa. Aka ɗauka ruwa zai sha. Sai ga shi ya fito da tabarma a naɗe, tocila da buta a ɗaure a jikinta. Ya miƙa wa Ciyaman makullin ƙofa.

"Haba Malam, ai an gane gaskiya! Za mu haɗu mu ba ka haƙuri, dukanmu."

"Na karɓa tun kafin ku bayar. Amma wanda aka ɗaure a gaban yara da safe, da wane baki zai ce wa wani tsaya da dare? Ku nemi wani."

Ya saɓa tabarmar ya nufi ƙofa, yana ɗan jan ƙafa.

Direba ya yi gyaran murya. "To ni famfona fa?"

"Zan je in karɓo," in ji Cingam. "Ni zan ɗaura maka. A hankali za mu bi notunan, ba za su ƙara cinyewa ba." Ya tsuguna ya ɗauki baƙar sifanar, ya juya ta, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, da ka bar ta yadda take, da ta yi maka aikin nan."

Baba Dizal bai ji shi ba. Ya riga ya miƙe, ya bar hular a ƙasa, ya bi bayan Maigadi. Ya cim masa a bakin titi, ya kai hannu zai karɓi tabarmar. Maigadi bai sakar masa ba. Bai kuma kore shi ba. Haka suka tafi, ɗaya na riƙe da kan tabarma, ɗaya na riƙe da gindinta, har motoci suka raba su da idon mutane.

Ciyaman ya matso kusa da Mai Sawu yana sosa ƙeya.

"Malam, ban san yadda zan gode maka ba."

"Kada ka gode." Mai Sawu ya mayar masa da magagarin. Ya sunkuya ya ɗauki hular wansa, ya kaɗe ta a gwiwa. "Ka sa a rufe masa akwatin. Ni zan je gidan in gaya wa matarsa, kafin ta ji a bakin wani."